Gonakin Duwatsu na Châteauneuf-du-Pape

Daga Paris zuwa Avignon, jirgin ƙasa na TGV ba ya cin awa uku. Ka baro sanyi da hazo a tashar Gare de Lyon, kafin ka gama shan shayi da duba jarida sai ka ga ƙasa ta sauya: rufin gidaje ya koma ja, itatuwa sun gajarce, rana ta buɗe tarwai. Daga Avignon na hau ƙaramin jirgi zuwa Sorgues, inda wani manomi da aka haɗa ni da shi ya zo ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, mai warin ƙasa da man dizal. Watan Satumba ne, ana tsakiyar girbi. Tun a tasha ya gaya mini ba shi da lokacin zama, in hira nake so sai dai in bi shi gona.

Gara in faɗa tun da wuri: ba na shan giya, kuma hukuncin addinina a kanta bai canja ba don na ƙetare teku. Lissafi ne ya kawo ni. Hekta ɗaya ta gonar inabi a Châteauneuf-du-Pape takan kai wajen Yuro rabin miliyan. Ka tsallaka hanya kaɗan, ka fita daga iyakar da aka shata, rana ɗaya ce ke duka, iska ɗaya ke kaɗawa, irin inabin ma ɗaya ne, amma kuɗin hektar ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na wancan. Na zo in ga abin da ke cikin wannan iyaka.

Sunan ƙauyen na nufin sabon gidan sarautar Fafaroma, kuma tarihin da ke bayansa ba ƙage ba ne. A 1309 Fafaroma Clement na 5, wanda Bafaranshe ne, ya kafa fadarsa a Avignon maimakon Roma, saboda rikicin da ya dabaibaye Italiya da kuma matsin lambar sarkin Faransa. Fafaroma bakwai suka yi zamani a can, har zuwa 1377 da aka koma Roma. Na biyunsu, John na 22, ya taɓa zama bishop ɗin Avignon, ya san ƙauyukan yankin ciki da bai. Shi ya zaɓi wani tudu kimanin kilomita 12 arewa da birnin, ya sa aka fara gina masa gidan hutu a 1317. An gama a 1333, ya rasu a 1334. Fada mai ɗaruruwan ma'aikata da baƙi tana buƙatar abin sha kullum, manoman tudun kuwa suka samu kasuwa a ƙofar gida.

Da muka iso, mai masaukina ya sauke ni a gindin tudun ya ce in hau in dawo, shi zai leƙa ma'aikata. Ƙauyen ƙarami ne, mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba, amma kusan kowace ƙofa a kan hanyar hawa shagon sayar da giya ce. Can sama, abin da ya rage na gidan Fafaroma bango ne guda, dogo, da tagogi da ake hango sararin sama ta cikinsu. An ƙona gidan a yaƙe-yaƙen addini na ƙarni na 16, mutanen gari suka yi ta kwasar duwatsunsa suna gina nasu gidajen, sannan a watan Agusta na 1944 sojojin Jamus da ke janyewa suka tashi babbar hasumiyar da nakiya. Daga nan ana ganin kogin Rhône yana lanƙwasa ta yamma, dutsen Ventoux da farin kansa ta gabas, a tsakani kuma inabi ne har inda ido ya tsaya. Hekta wajen 3,200 ke nan, a ƙasar garuruwa biyar: Châteauneuf kanta, da Courthézon, da Bédarrides, da Sorgues, da Orange.

Wani abu da ba a cika gaya wa baƙi ba shi ne, sunan Fafaroma bai hau kan ƙauyen a hukumance ba sai 1893. Kafin nan Châteauneuf-Calcernier ake kiransa, saboda farar ƙasa da ake haƙa ana gasawa a wurin. Magajin gari na lokacin, Joseph Ducos, mai gonar La Nerthe, shi ya nemi a sauya. Mutumin ya san kasuwa. Kwalbar da ke ɗauke da sunan Fafaroma ta fi wadda ke ɗauke da sunan ramin farar ƙasa saurin fita daga shago.

Daga gari muka nufi gabas, zuwa faffaɗan tudun da ake kira La Crau. A nan na ga abin da hoto bai taɓa gamsar da ni ba. Babu ƙasa. Duwatsu ne masu santsi, jajaye da ruwan ƙasa, wasu kamar dunƙulen hannu, wasu sun kai kan jariri, a baje kamar an zazzage buhunan dankali a filin kasuwa. Ka taka, ƙafarka ta gurɗe. Ni da na tashi a gidan noma, da an ba ni wannan fili kyauta da na yi godiya na wuce, domin babu fartanyar da za ta kwana biyu a nan. Mai masaukina ya ce haƙoran garmar tarakta ma ba sa daɗewa, kullum cikin sauya su ake.

Duwatsun daga tsaunukan Alps suka fito. Tsohon kogin Rhône ne ya yi ta mirgino su shekaru aru-aru, ya goge musu kaifi, ya zube su a nan kafin ya sauya hanya. Manomin ya durƙusa ya kawar da 'yan kaɗan da hannu, ya ce in taɓa. Na saman da zafi kamar an ciro su daga murhu, amma can ƙasa akwai jan yumɓu mai sanyi da danshi, alhali an daɗe ba a ga ruwan sama ba. Ya ce baƙi duk zancen zafin suke yi, wai duwatsu na ajiye ranar yini su saki da dare inabi ya nuna. Gaskiya ne, amma shi a wurinsa babban aikinsu shi ne rufe ƙasa, su hana rana shanye ɗan ruwan da yumɓu ya riƙe tun lokacin sanyi. Saiwar tsohon itacen inabi tana nutsawa can ƙasa ta nemo wannan ruwa. Wasu itatuwan da ya nuna mini kakansa ne ya dasa su, gajeru, baƙaƙe, a murɗe, kowanne bai wuce gwiwata ba.

Gajartar da dalilinta. Akwai wata iska da ake kira mistral, mai gangarowa daga arewa ta bi kwarin Rhône, tana kaɗawa fiye da kwana ɗari a shekara. Ranar da ta tashi, sai da na riƙe hulata da hannu, takardun da nake rubutu a kai kuwa na cusa su aljihu. Itacen da ya miƙe tsaye za ta karya shi, shi ya sa ake datse inabin ya zauna ƙasa-ƙasa, ba tare da waya ko sanda ba. Manoma na tsine mata a lokacin bazara idan ta kakkarya sabon tofo, suna kuma sa mata albarka a lokacin girbi, domin in aka yi ruwa ita ke busar da 'ya'yan kafin ruɓa ta kama su.

Sai dai kada hoton duwatsun ya ruɗi mutum. Ba duk yankin ne haka ba. Ta yamma akwai farar tsakuwa mai kaifi, ta arewa maso gabas kuma yashi ne mai laushi. Gonar Rayas, wadda giyarta na cikin mafiya tsada a yankin baki ɗaya, a kan yashi take, kewaye da itatuwa, kusan babu dutse ko ɗaya. Masu buga katin hoto ba sa zuwa can.

Da rana ta take muka zauna a inuwar mota, mai masaukina ya ba ni labarin da ya fi na Fafaroma muhimmanci a wurinsu. A 1863 aka fara ganin inabi na bushewa ba dalili a Pujaut, ƙetaren kogi kaɗan daga nan. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai suna phylloxera, ya shigo daga Amurka a jikin dashe, yana tsotsar saiwa daga ƙarƙashin ƙasa. A 1866 ya iso Châteauneuf, daga baya ya cinye yawancin gonakin inabin Faransa. Maganin da aka samu a ƙarshe shi ne aure: a ɗauko gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya kashewa, a aura masa reshen inabin gida. Har yau kusan kowane itace a yankin ɗan aure ne. Ducos na cikin waɗanda suka jagoranci sake dashen.

Gonaki sun farfaɗo, amma suna ya lalace. Giyar Châteauneuf mai ƙarfi ce, don haka 'yan kasuwa daga arewa, musamman na Bourgogne, suka riƙa sayenta a ganguna suna gauraya wa tasu mai rauni, su sayar da sunan garinsu. Wasu kuma suka riƙa shigo da inabin wasu wurare cikin ƙauyen, a matse a nan, a liƙa masa sunan Fafaroma. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: cikin masu wannan algus har da 'yan gari.

A 1923 manoman suka je wurin wani baƙo da aure ya kawo shi cikinsu. Baron Pierre Le Roy de Boiseaumarié matuƙin jirgin saman yaƙi ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma karanta shari'a, ya auri 'yar gidan da ke da gonar Fortia a 1919. Suka roƙe shi ya kare musu sunansu a kotu. Ya yarda, amma da sharaɗin su fara gyara nasu halin. Wannan sharaɗi shi ne tushen komai. Dokokin da suka rubuta ba 'yan kasuwar Bourgogne suka fi ƙuntata wa ba, su kansu suka ɗaure. Suka shata iyaka, suka ce ƙasar da za ta shiga sai mai tsananin bushewa, irin wadda tsirran daji masu ƙamshi na lavande da thym ke fitowa a kanta, wato duk mai gona a fadama ya fita. Suka ƙayyade irin inabin da za a shuka, da yadda za a datse shi, da ƙarfin da giyar za ta kai, aƙalla kashi 12.5 cikin ɗari. Suka hana yin giya mai launin ruwan hoda da sunan garin, ja ko fara kawai. Suka wajabta tsince 'ya'yan da ba su nuna ba ko suka ruɓe, a ware su gefe.

Ba kowa ya so ba. Wanda aka bar gonarsa a waje ya garzaya kotu, aka yi ta shari'a har 1933 da babbar kotun ƙasa ta tabbatar da iyakar. A 1935 Le Roy da Sanata Joseph Capus suka kai maganar matakin ƙasa, aka kafa hukumar da ta zama INAO, mai kula da sunayen asali na kayan gona. Ranar 15 ga Mayu 1936 aka fitar da jerin farko na wuraren da doka ta kare sunansu, alamar da ake kira AOC, Châteauneuf-du-Pape na ciki tare da Tavel, da Cassis, da Arbois, da Monbazillac, da Cognac. Le Roy ya shugabanci hukumar daga 1947 har rasuwarsa a 1967. Tsarin da aka fara da giya ya bazu zuwa cuku, da man zaitun, da kaji, da wake, sannan Tarayyar Turai ta ɗauke shi.

Dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta yawan amfani. Hekta ɗaya ba za ta ba da fiye da lita 3,500 ba, wanda yana cikin mafi ƙanƙanta a Faransa. Manomi ne da kansa ya sa hannu a takardar da ta hana shi cika rumbu. Dalilinsu shi ne itacen da ya ɗauki 'ya'ya kaɗan ya fi zuba musu zaƙi da ƙamshi, kuma kayan da ba su cika kasuwa ba su ke riƙe farashi.

Girbi da inji haramun ne a dokar yankin, dole a yanka da hannu. Washegari da sassafe na bi ayarin masu yanka, kowa da almakashi da bokiti, a sunkuye tunda itatuwan gajeru ne. Akwai ɗalibai, akwai 'yan Sifaniya da na gabashin Turai, amma da yawansu mutanen Maroko ne, masu zuwa aikin kaka da takardar kwantiragi su koma gida in an gama. Wani dattijo a cikinsu ya ji na yi sallama, ya ɗago ya amsa da fara'a, daga nan na koma kiransa Baba, shi kuma yana ce mini ɗana. Ya daɗe yana zuwa wannan gona, ya san kowane layi, bai kuma taɓa kai abin da ake yi da inabin bakinsa ba. Na tambaye shi ko zuciyarsa na natsuwa da aikin. Ya yi shiru, ya ce ya tambayi malamai ya ji amsoshi, shi dai da kuɗin nan ya aurar da 'ya'yansa mata, sauran kuma yana neman gafarar Allah. Ban ƙara tambaya ba. Da azahar ya shimfiɗa kwali a kan duwatsu muka yi salla, goshinmu na jin tudun kowane dutse.

Shi ya koya mini bambance inabin da baki. Grenache, wanda ya kai wajen kashi 70 cikin ɗari na gonakin, fatarsa siririya ce, zaƙinsa har yana kama maƙogwaro. Syrah ƙanana ne, baƙaƙe wuluk. Mourvèdre fatarsa da kauri da ɗan ɗaci, shi ne ke nuna a ƙarshe. Doka ta yarda da iri 13, har da farare irin su clairette da roussanne, kuma ba ta ce ga yawan da za a zuba na kowanne ba. Gidan Beaucastel na shuka duka 13 ɗin, Rayas kuwa jar giyarta grenache ce kusan zalla. Duk suna ɗaya suke ɗauka.

A ɗakin matsa na tsaya daga bakin ƙofa, domin warin tsami da ke tashi daga manyan tankunan siminti ya ishi wanda bai saba ba. Inabin na wucewa a kan wani dogon tebur, mata da maza na tsince marasa kyau suna jefawa a bokiti. Na ga an zubar da abin da a idona lafiyarsa lau. Game da ɗanɗanon giyar kuwa, abin da masu sha suka gaya mini zan faɗa. Sun ce tana da nauyi a baki da ɗumi a ƙirji, ƙarfinta yakan kai kashi 14 zuwa 15, wani lokaci ya haura. Tana sabuwa ƙamshinta na nunannun 'ya'yan itace ne da barkono da ganyayen dajin yankin, in ta shekara goma ko ashirin a kwalba sai ta koma ƙamshin fata da taba da busasshen ganye. Ta kan yashi ta fi laushi, ta kan duwatsu ta fi ƙarfi. Ja ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ake yi. Wani Ba'amurke mai sharhi, Robert Parker, ya yi ta yaba ta tun daga shekarun 1980, farashi ya tashi, wasu gidaje kuma suka riƙa ƙara mata nauyi don su burge shi. Mai masaukina na ganin an wuce gona da iri a lokacin, yanzu ana dawowa. Kwalbar kanta tun 1937 aka yi mata tambari a jikin gilashi, hular Fafaroma da makullai biyu a gicciye, don a wahalar da masu jabu.

Mutanen nan da doka ba su da dama. A watan Oktoba na 1954, lokacin da jita-jitar ganin jiragen halittun sama ta cika Faransa, magajin gari Lucien Jeune ya fitar da umarnin hana irin waɗannan jirage wucewa ko sauka ko tashi a ƙasar ƙauyen, duk wanda ya sauka kuma a kama shi a tsare. Jaridun duniya suka ɗauka, ƙauyen ya samu talla kyauta. Ba a soke umarnin ba.

Tsarin da Le Roy ya kafa ya iso har wajenmu. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta OAPI mai hedikwata a Yawunde ta yi wa barkonon Penja na Kamaru rajistar sunan asali a 2013, a 'yan shekarun nan kuma albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu irin wannan takarda. Abin farin ciki ne. Amma abin da na gani a kan teburin tsincen nan ya nuna mini takardar ita ce ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne ƙungiyar manoma ta iya ce wa ɗanta, ɗan gari, mai dangi a cikinta, buhunka bai kai ba, ba za ka sa masa sunanmu ba. Châteauneuf ta yi shekara goma a kotu da 'ya'yanta kafin ta kai nan.

Yanzu damuwar manoman Châteauneuf biyu ce. Ta farko zafi. Girbin da kakanni ke farawa a ƙarshen Satumba ya matso da makonni, inabi na tara sukari kafin fatarsa da ƙwayarsa su gama nuna, ƙarfin giyar na hawa fiye da yadda masu saye ke so. Duwatsun da aka yi ta yabo saboda riƙe zafi sun fara zama nauyi a shekarun fari, gonakin yashi da masu fuskantar arewa, waɗanda a da ake rainawa, su ake nema. Wasu na ƙara dasa mourvèdre da counoise, masu jinkirin nuna, kuma akan ba da izinin ban ruwa na musamman idan fari ya tsananta. Ta biyu kasuwa. Bafaranshe da ke shan fiye da lita 100 a shekara a shekarun 1960, yau bai wuce wajen 40 ba, jar giya ce kuma ta fi faɗuwa. A yankin Bordeaux har gwamnati ta biya manoma su tumɓuke inabi. Châteauneuf ba ta kai can ba, domin fiye da rabin abin da take yi waje ake fitarwa, kuma suna na riƙe da farashi.

Tsadar ƙasar ma ta zama tarko. Mai masaukina na da 'ya'ya uku, ɗaya ce kawai ke son noma. Ranar da za a raba gado, harajin da za a biya da kason da za ta fanshi 'yan'uwanta da shi za a lissafa su ne a kan Yuro rabin miliyan kowace hekta, kuɗin da inabin hektar ba zai mayar ba cikin shekaru masu yawa. Ya ce maƙwabtansa da suka kasa wannan lissafi sun sayar, kuma masu sayen ba manoman ƙauyen ba ne, manyan kamfanoni ne da attajirai daga waje.